Tambaya da Amsa: Sauya Taya a Ƙananan Motocin Ƙarfe na Ado

Wasiƙun da suka iso mana daga Jos da kewaye a wannan wata kusan duk a kan taya suke. Masu tara ƙananan motocin ƙarfe, irin waɗanda ake zubawa da narkakken ƙarfe su fito tamkar motar gaske, sun san cewa ko fenti ya yi kyau, ko gilashi na sheƙi, muddin taya ta yi wa mota girma ko ta yi mata kaɗan, ido ba ya kwanciya a kanta. Ga waɗanda muka zaɓa da amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar mota ta Hot Wheels, ƙirar tsohuwar Chevrolet, tsawonta kamar ɗan yatsa. Tayoyinta na filastik ne masu ƙyalli, ina so in sa mata na roba mai taushi. Na duba ƙasanta ban ga noti ko ɗaya ba, sai wasu ɗigo biyu na ƙarfe. Ta ina ake buɗe ta? — Ɗalibi, Unguwar Rogo

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗigon nan biyu kawunan ribiti ne. Turaku ne guda biyu da aka zuba tare da bodin motar, suka ratsa farantin ƙasa, sannan aka baje kawunansu don su riƙe shi. Ba su kuncewa, sai dai a cinye kan da bakin huji.

Amma ɗan'uwa, kafin ka ɗauki injin, juya motar ka karanta rubutun ƙasanta. Kamfanin Mattel ya fara Hot Wheels a 1968, kuma daga lokacin zuwa 1977 motocinsu na zuwa da jan zobe a gefen taya. Idan taka tana da wannan jan zobe, kuma an rubuta Hong Kong ko U.S.A. a ƙasa, ajiye ta kamar yadda take, domin huji ɗaya zai zubar da darajarta. Ka kuma sani cewa shekarar da ke rubuce a ƙasa ta rajistar ƙirar ce, ba shekarar da aka ƙera taka ba. Mota na iya ɗauke da 1969 alhali kwanan nan aka zuba ta a Malesiya. Irin wannan ita ce ta koyon aiki.

Za ka buƙaci bakin huji biyu, ƙarami mai milimita 1.7 ko 1.8 da babba mai milimita 4.5 ko 5, sai ƙananan notuna masu lamba M2 masu tsawon milimita 4. Kada ka sha wahalar nemansu: su ne notunan da ke riƙe bayan kwamfutar tafi-da-gidanka, duk mai gyaran kwamfuta yana da su a gwangwani.

Fara da ƙaramin bakin, tun faranti yana riƙe da turken. Akwai ɗan lotsawa a tsakiyar kan ribitin, nan za ka dasa bakin, ka huda a miƙe, zurfin milimita 4 zuwa 5. Naɗa ɗan salatif a jikin bakin daidai wannan zurfi don ka ga inda za ka tsaya. Turken gaba a ƙarƙashin bonet yake, kuma gajere ne. Wanda ya zarce zai ga bakin huji ya ɓullo ta saman fenti, wannan kuwa ba shi da gyara mai sauƙi. Ɗiga man keken ɗinki kaɗan, ka riƙa ɗago bakin kana zubar da garin ƙarfen. Ƙarfen gauraye ne na tutiya da alminiyom da ɗan jan ƙarfe da maganiziyom, yana da taushi, yana kuma son cafke siririn baki ya karya shi a ciki idan aka danna da ƙarfi. Sa tabarau, garin yana tashi.

Daga nan sai babban bakin, a hankali ƙwarai. Leɓen da aka baje kawai kake son cirewa. Da ka ga zoben ƙarfe siriri ya ɓalle, tsaya. Idan farantin na filastik ne, gudun injin zai narka shi, don haka gara ka riƙe bakin da yatsu ka murza. Sa bakin sukundireba a ramin taya ka ɗaga, farantin zai fita. Ware gilashi da kujeru gefe guda a cikin murfin kwalba.

Yanzu gwada notin a ramin da ka huda. Notin ƙarfe zai yanka wa kansa hanya a cikin turken: murza rabin zagaye gaba, ka dawo kwata, da ɗigon mai. Idan ka ji ya cije, kada ka tilasta, turken tsagewa yake yi, musamman idan ramin ya karkace zuwa gefe. Fito da shi, ka share ramin, ka sake.

Sandar da ke ɗauke da tayoyi biyu tana kwance a wani ɗan kwari, wasu ƙananan haƙora na danne da ita. A farantin filastik reza na ɗaga su, a na ƙarfe sai an goge su da ƙaramin magagari. Sababbin tayoyin kuwa, ko ka ciro daga wata motar mai tayar roba, irin jerin Real Riders da kamfanin ya fara a 1983, ko ka sayi saiti ta intanet. Matsalar da kusan kowa ke cin karo da ita ita ce sandar sabuwar ba ta zo daidai da faɗin motarka ba: ko tayoyin su leƙo waje, ko su shige ciki su maƙale.

Maganinta a kemis yake. Sayi sabuwar allurar sirinji mai lamba 18, wadda gindinta ruwan hoda ne. Kaurinta ta waje milimita 1.27 ne, ramin cikinta wajen 0.84, kuma fil ɗin tela mai kai yana shiga ciki daidai. Allurar ta zama sabuwa a cikin ledarta, kada a kusanci wadda aka yi amfani da ita. Zaga ta da gefen magagari ka karya, ka goge bakin, ta zama ɗan bututu mai tsawon faɗin farantin da ƙarin rabin milimita ta kowane gefe. Zura fil ta cikin kowace taya, kan fil ɗin ya tsaya ta waje, ka datse shi yadda biyun ba za su haɗu a tsakiyar bututu ba. Shafa gam a ƙarshen fil kaɗai, ka tura. Tsakanin taya da bakin bututu sa ɗan guntun takarda, ka zare bayan gam ya kama. Wannan ɗan sararin shi ke barin taya ta juya.

Gam mai haɗi biyu, irin Araldite, ya fi sufa gulu a nan, don yana ba ka lokacin daidaitawa. Sufa gulu kuma yana fitar da tururi da ke bar wa gilashi da farin ƙarfe wani farin hazo kamar gishiri. In dole sai da shi, bar farantin a buɗe ya kwana kafin ka rufe motar. A sanyin Jos na Disamba da Janairu, gam da aka rubuta minti biyar zai iya ninka haka sau da yawa kafin ya kama, don haka ɗumama bututun a aljihu kafin ka haɗa. Kafin ya daskare, ɗora farantin a kan madubi ka leƙa ta gefe: tayoyi huɗu su taɓa, kada haske ya wuce ƙarƙashin ko ɗaya. Motar da aka yi wa wannan aiki ta zama ta ado, ba a ba ƙaramin yaro, saboda fil da noti.

Tambaya: Ina da Fijo 504 ƙarama, an rubuta 1:43 a ƙasanta. Na sa mata wili masu faɗi irin na motocin yanzu, amma duk wanda ya gani sai ya ce ba ta yi kama da 504 ba, kuma ta gaba tana gugar bodi. Yaya ake sanin girman da ya dace? — Makanike, Farin Gada

Amsa: Malam, lissafin da ka sani a gareji shi ne dai, rabawa kawai za ka ƙara. Lambar 1:43 na nufin komai na motar gaske an raba shi gida 43. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 aka kuma fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, tana tafiya ne da taya mai faɗin milimita 175 a kan wili mai inci 14. Tayoyin wancan zamani dogayen gefe ne, tsayin gefen wajen kashi 80 cikin ɗari na faɗin. Kashi 80 na 175 shi ne milimita 140, sama da ƙasa 280. Inci 14 kuma milimita 356 ne. Jimilla wajen milimita 635 daga ƙasa zuwa saman taya. Raba da 43, ka sami 14.8. Faɗin kuma, 175 a raba da 43, milimita 4 ne da ɗigo. Duk tayar da ta wuce milimita 15 da rabi a tsaye, ko ta kai 6 a faɗi, za ta gugi bodi, kuma za ta sauya wa motar kama.

Ga wani wuri da mutane ke kuskure. Inci 14 ɗin nan awon inda taya ke zama ne a cikin wili, ba abin da ido ke gani ba. Leɓen wilin yana ƙara wajen milimita 35, don haka abin da ke bayyana ya kusa 390. A ma'aunin 1:43 wilin da za ka nema mai milimita 9 ne, ba 8 ba, sannan baƙar roba ta kusan milimita 3 ta zagaye shi. Wannan kaurin baƙin shi ne kamannin 504. Motar an gina ta da tsayi daga ƙasa da doguwar tafiyar sifirin, shi ya sa ta jure hanyoyinmu. Idan aka rage mata roba aka ƙara ƙarfe, an cire abin da ya sa ake ƙaunarta. Mu dai a ganinmu, 504 ba ta da ado da ya wuce baƙar taya da wilin ƙarfe mai murfi mai ƙyalli.

Ga masu sauran ma'aunai, tayar nan dai a 1:18 tsayinta milimita 35 ne, faɗi kusan 10. A 1:24, 26 da rabi da faɗi 7. A 1:64, kusan 10 da faɗi ƙasa da 3.

Ka kuma ƙirga notuna. Salun ɗin 504 noti huɗu ne a wili, na 404 uku. Volkswagen Beetle ta kafin 1968 tana da biyar a baje can kusa da leɓe, ta baya kuma huɗu, kuma tayarta ta fi ta Fijo siranta a kan wili mai inci 15. Marsandi ta jerin W123, wadda aka fara a 1976, murfin wilinta launin bodin motar yake ɗauka. Wanda ya san mota, waɗannan zai fara dubawa.

Idan ba a rubuta ma'auni a ƙasan mota ba, ko kana shakkarsa, auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. A salun ɗin 504 na gaske tazarar milimita 2,740 ce. In ka auna taka ka sami 46, raba 2,740 da 46, ma'auninta wajen 1:60 ke nan, sai ka yi lissafin taya da 60. Ƙananan motocin da ake kira 1:64 da yawansu ba daidai haka suke ba, an daidaita su ne da girman kwali. Rula ba ta isa wannan aiki. Nemi ma'aunin baniya mai baki kamar filaya, ko na filastik ne.

Tambaya: Na so in yi wa Chevrolet Bel Air ta 1957, babba mai ma'aunin 1:18, farin zobe a gefen taya kamar yadda nake gani a hotuna. Na shafa fentin mai fari. Yau mako biyu bai bushe ba, yana danƙo, ƙura duk ta manne. Ina na yi kuskure? — Malamar makaranta, Rikkos

Amsa: Malama, zaɓinki na farin zobe daidai ne da motar, don haka manyan motocin Amurka na shekarun 1950 ke fita. Fentin ne bai dace ba, kuma ko shekara ya yi ba zai bushe ba. Yawancin tayoyin nan ba robar itace ba ce, wani filastik ne da aka cuɗa da sinadarin tausasawa mai kamar mai. Sinadarin yana tsattsafowa sannu a hankali ya shiga fentin mai ya hana shi ƙanƙara. Fentin da ke zama a kansu shi ne na akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, irin na masu zane.

Sai an cire tayar daga wili tukuna. Tafasa ruwa, ki bar shi ya ɗan huce, yadda zai yi zafi amma ba tafasasshe ba, wajen digiri 60 zuwa 70. Tsoma tayar kaɗai na minti ɗaya ko biyu, kada ruwan ya kai bodi. Za ta yi laushi, sai ki tura ta da babban yatsa ta bayan wili. A kula da tayoyin gaba: a motocin 1:18 suna juyawa da sitiyari, kuma gaɓar da ke riƙe da su siririn filastik ce. Riƙe wilin da hannu ɗaya ki cire robar da ɗayan, kada nauyin ja ya sauka a kan gaɓar. A hunturu robar na yin tauri kamar ƙashi, wanda ya ja ta a bushe zai tsage ta ko ya karya gaɓar.

Goge tsohon fentin da auduga da sifirit na kemis, sau da yawa, da haƙuri. Kada fetur ko tina ko ruwan goge jan farce su taɓa ta, suna kumbura roba su narka filastik. Idan tabon ya ƙi fita, duba ɗaya fuskar tayar. Sau da yawa fuskokin biyu iri ɗaya ne, sai ki mai da ta ciki waje. Wanke da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, don akwai maiƙon masana'anta a jiki da ke sa fenti ya tattare. Bar ta ta bushe sarai, kada kuma ki sake taɓa fuskar da yatsa.

Faɗin zoben a tayoyin wancan lokaci tsakanin inci 2 ne da 3, wato milimita 3 zuwa 4 a motarki. Daga farkon shekarun 1960 aka koma siririn zobe na wajen inci 1, don haka mai Mustang ko wata ta bayan nan ya tsaya a milimita 1 da rabi. Duba gefen tayar da kyau, galibi akwai wani ɗan layi da aka zuba a zagaye, shi ne iyakarki.

Sirrin da'ira mai kyau shi ne hannu ya tsaya cik, taya ce za ta juya. Soka tayar a jikin murfin alƙalami ko wani abu mai zagaye da ya cika raminta, ki kafa shi a tsaye. Jingina hannun da ke riƙe da buroshi a kan littafi mai kauri, bakin buroshin ya sauka a kan layin, ɗaya hannun kuma ya riƙa juya tayar a hankali. Sirka fentin ya yi kamar madara. Shafin farko zai fito da toka-toka, baƙi na leƙowa, haka ake so. Jira minti 20 zuwa 30, ki ƙara. A shafi na uku ko na huɗu farin zai cika. Shafi ɗaya mai kauri yana barin sawun gashin buroshi, kuma yana tsagewa lokacin mai da taya kan wili. Iskar hunturu na busar da fentin a bakin buroshi cikin ɗan lokaci, don haka ajiye kofin ruwa kusa, ki kife kwano a kan tayar tsakanin shafi da shafi saboda ƙura. Ɗigon launin ƙasa, ɗan mitsitsi, a cikin farin yana kashe hasken nan mai kama da alli.

Wanda hannunsa ke rawa yana da wata hanya: masu yin allon talla suna da injin yanka sitika, a ba su awon da'irar ciki da ta waje su yanko farin zobe, a manna. Ruwan goge rubutu na ofis kuwa a bar shi, yana fashewa ya koma rawaya. Bayan kwana ɗaya, ɗumama wilin da bayan tayar da tsumma mai ɗumi, ki shigar da ita ta baya, yadda fuskar da aka fenta ba za ta miƙe sosai ba.

Tambaya: Wata motata da ke cikin kabad ɗin gilashi, na ga wilinta ya yi laushi kamar cingam daidai inda taya ta zauna, har ya karkace. Ba wanda ya taɓa ta. — Mai shago, titin Ahmadu Bello

Amsa: Alhaji, sinadarin tausasawar da muka ambata a sama shi ne ya ci wilin. Yana fita daga taya ya shiga busasshen filastik ya narkar da shi, zafi kuma yana gaggauta abin. Wanda ya riga ya narke ba ya dawowa. Cire tayar, ka kankare danƙon da reza, ka bar wilin a iska makonni. Idan siffarsa ta tafi, sai sabo. Sauran motocin kuma a raba tsakanin taya da wili tun yanzu. Farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo, wanda suke naɗawa a bakin bututu, ya dace ƙwarai: sinadarin ba ya cin sa, ga shi siriri. Zagaye ɗaya ko biyu a kwarin wilin, a datse abin da ya leƙo, a mai da taya. Siririn foyil na alminiyom ma yana yi. Haka nan kada taya ta zauna kai tsaye a kan farantin filastik ko katako mai baniş, za ta manne ta bar tabo. Sa ɗan kati a ƙarƙashi. Kabad kuma a kawar da shi daga inda rana ke faɗawa ta taga.

Tambaya: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a wani kamfanin haƙar kuza. A akwatinsa mun sami ƙananan motoci uku da aka rubuta Dinky Toys. Tayoyin biyu sun bushe sun farfashe, ta ukun kuma jikinta duk tsaga ne. Me za mu yi? — Wata uwa, Bukuru

Amsa: Amin, Allah ya gafarta masa. Hajiya, waɗannan abin riƙewa ne da kyau. Kamfanin Meccano na birnin Libaful a Ingila ya fara Dinky Toys a 1934, masana'antar kuma ta rufe a 1979. Kada a huda su, kada a sake musu fenti, ko da ya ɗaɗɗaye. Sa'ar ita ce tayarsu zobe ce da ke zaune a kwarin wilin ƙarfe, tana fita ba sai an buɗe mota ba. Wadda ta bushe a datse ta da reza a ɓare, maimakon a yi ta ɓanɓara da ƙarfe a karce wili. A ajiye gutsattsarin a ambulan.

Yawancin ƙananan motocin Dinky tayarsu milimita 15 ce a tsaye, manyan motocin kaya sun fi haka. Ana sayar da sababbi da aka yi musamman dominsu ta intanet, su ne suka fi dacewa. Kafin a samu, baƙin zoben roba da makanikai ke toshe yoyon mai da shi, wanda ake kira o-rin, yana rufa asiri, kuma masu kayan gyaran mota suna da shi girma-girma. Awo biyu ake faɗa: faɗin ramin ciki da kaurin robar. Tsayin taya shi ne ramin ciki da kauri sau biyu, don haka mai rami 9 da kauri 3 zai ba da 15. A auna kwarin wilin, a zaɓi zoben da raminsa ya gaza shi da rabin milimita zuwa ɗaya, don ya kama. A tsoma shi a ruwan zafi kafin a sa. Idan ya matse fiye da haka, zai tsage bayan 'yan watanni.

Ta ukun kuwa, a yi mata a hankali. Tsagar nan ciwon ƙarfen ne da kansa. A wasu tsofaffin motoci, musamman na kafin shekarun 1950, dalma ta gauraya da tutiyar da aka zuba, sai ƙarfen ya riƙa kumbura yana tsagewa da shekaru, laima kuma tana ƙara masa gudu. Ba a warkar da shi, ba ya kuma yaɗuwa zuwa wata mota. Kada a gwada sa mata taya mai matsewa, wilin zai iya rugujewa a hannu. A kwantar da ita a kan auduga a akwati, wuri busasshe, nesa da bangon da ke jiƙa da damina, tare da 'yan ƙunshin nan na shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Tambaya: Sababbin tayoyin da na sa suna ƙyalli, ga wani layi a tsakiyarsu. Na shafa basilin sai abin ya ƙaru. — Ɗan sakandare, Gangare

Amsa: Ƙanena, wanke basilin ɗin yau da sabulu, man da aka samo daga fetur yana lalata roba, yana kuma tara ƙura. Layin nan sawun inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu ne. Zura noti mai tsawo ta ramin tayar, ka matse ta tsakanin washa biyu, wato faifayen ƙarfen nan da ake sa wa noti, ka ɗaura a injin huji, ya juya a hankali, ka taɓa samfefa mai lamba 400 a inda taya ke taka ƙasa, sannan mai lamba 600. Daƙiƙa kaɗan sun isa. In ka daɗe, zafi zai narka zanen. Wurin zai koma toka-toka marar ƙyalli kamar tayar da ta yi tafiya, gefen kuma ya zauna baƙi. In kana son Landiroba ko Fijo fikof ta yi kama da wadda ta fito daga hanyar ƙauye, kankare alli mai launin jar ƙasa, ka cusa garin cikin zanen da busasshen buroshi, ka share saman da yatsa, ya rage a cikin ramukan kaɗai.

Tambaya: Babbar motata mai ma'aunin 1:18 ta shekara uku a wuri ɗaya, yanzu ƙasan tayoyin ya baje. — Ma'aikaci, Tudun Wada

Amsa: Nauyin ƙarfen ne ya danne roba mai taushi. Cire tayoyin, ka tsoma su a ruwan zafi kamar yadda muka bayyana, minti biyu zuwa uku, ka mai da su kan wili tun suna da ɗumi, sannan ka tsoma cikin ruwan sanyi; yawanci suna komawa da'ira. Wadda ta riga ta bushe ba za ta koma ba, sai dai a juya ɓangaren da ya baje ya zauna a ƙasa, inda zai yi kama da tayar da ke ɗauke da nauyi. Don kada ya sake faruwa, yanka guntun katako ko ƙwanƙwalatin kwalba guda biyu, ka fenta su baƙi, ka sa ɗaya a ƙarƙashin gaba, ɗaya a baya, daidai tsakiya, tsayinsu ya ɗaga motar yadda takarda ɗaya za ta wuce ƙarƙashin kowace taya. Daga gefe ba a ganin su. Idan ba ka son haka, duk wata biyu ko uku mirgina motar kwatar zagaye.